Minti 75 Na Gardama: Dalilin Da Ya Sa Nake Kare Faifan "Third"

'Yan uwana ɗalibai, yau zan kare wani faifai da na san da yawanku za ku kashe shi kafin ya cika minti uku. Sunansa Third, na wata ƙungiyar makaɗan Ingila mai suna Soft Machine, kamfanin CBS ne ya fitar da shi a watan Yunin 1970. Faifan garmaho biyu ne a riga ɗaya, fuska huɗu ke nan, kowace fuska kiɗa ɗaya tak, kowane kiɗa kuma minti 18 ne ko 19. In ka haɗa, wajen minti 75. A zamanin da mutum ke ture bidiyon TikTok da yatsa in ya kai daƙiƙa 30 bai ba shi dariya ba, wannan kamar ka ce wa mai jin yunwa ya jira a dafa ganda ne. Duk da haka ina ganin faifan ya cancanci lokacinku. Mutum huɗu ne suka yi shi a daidai lokacin da suka kasa jituwa kan inda za su dosa, kuma a ra'ayina wannan rashin jituwar ce ta ba shi armashin da ƙungiyar ba ta ƙara samu ba har ta tsufa.

Bari mu fara da sanin su wane ne. An kafa Soft Machine a 1966, tushenta garin Kantabari da ke kudu maso gabashin Ingila. Robert Wyatt mai ganguna, da Mike Ratledge mai ogan, da Hugh Hopper mai jitar bes, duk makarantar sakandare ɗaya suka yi a garin, wato Simon Langton. Sunan ƙungiyar kuwa daga wani littafin marubucin Amurka William Burroughs suka aro shi. Da farko 'yan kiɗan rok ne irin na wancan zamani, suna wasa a kulob ɗin UFO na Landan tare da Pink Floyd, a 1968 kuma suka zagaya Amurka suna buɗe wa Jimi Hendrix fage. Kafin a kai ga Third, biyu daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar sun tafi. Daevid Allen, ɗan Ostareliya, an hana shi komawa Birtaniya a 1967 saboda matsalar biza, sai ya zauna a Faransa ya kafa ƙungiyar Gong. Kevin Ayers kuwa zagayen Amurka ne ya gajiyar da shi, ya ajiye jita. Hopper, wanda a da shi ne mai ɗaukar musu kaya da haɗa wayoyi, shi ya maye gurbinsa. Ku riƙe wannan a ranku: yaron haɗa waya ne ya tsara kiɗan da ya buɗe faifan nan.

A ƙarshen 1969 suka ɗauko masu busa huɗu, suka zama mutum bakwai. Aljihu bai ɗauka ba, dole aka rage. Wanda ya zauna dindindin shi ne Elton Dean mai saksafon, mutumin da Elton John ya ari rabin sunansa tun suna ƙungiyar Bluesology tare. Shigowar Dean ta karkatar da ma'auni. Shi ɗan jaz ne tsantsa, Ratledge da Hopper su ma zuciyarsu ta riga ta koma can, ga kiɗa mai tsauri wanda babu murya a ciki. Wyatt kaɗai ya rage yana son ya buɗe baki ya rera waƙa. Uku da ɗaya ke nan, kuma a haka aka shiga aikin faifan.

Fuska ta farko, "Facelift", ita ce mai korar baƙi. Hopper ne ya tsara ta, an kuma ɗauke ta ne a gaban 'yan kallo a wurare biyu cikin watan Janairun 1970: zauren Fairfield da ke Croydon, da kulob ɗin Mothers na Birmingham. Daga baya aka yanka tef ɗin wasannin biyu aka haɗe su, a wani wurin aka ɗora ɗaya kan ɗaya, can wajen ƙarshe ma har da wanda aka juya yana tafiya da baya. Mintunan farko ogan ɗin Ratledge ne yana ƙara kamar an saka zarto a jikin kwano. Wallahi in ka kunna shi a hostal ba tare da iyafis ba, sai maƙwabcinka ya leƙo ya tambaye ka ko lasifikarka ce ta ƙone. Amma in ka daure, sai ka ji masu busa sun shigo da wani zubi mai nauyi, bes ya kama ƙasa, hayaniyar nan ta zama tafiya mai tsari. Daga nan kunne ya buɗe.

Fuska ta biyu, "Slightly All the Time", ta Ratledge ce, da ɗan guntun kiɗan Hopper a tsakiyarta. Ita ce ta fi kusa da jaz yadda aka san shi, ita ce kuma ta fi saukin shiga. Hopper yana maimaita zubi ɗaya a bes kamar mai daka, Dean da baƙin masu busa, irin su Jimmy Hastings mai sarewa da Nick Evans, suna yawo a samansa. Abin da zai ɗan rikita ka shi ne ƙirge. Yawancin waƙoƙin da muke ji a waya huɗu-huɗu ake ƙirga bugunsu, shi ya sa ƙafa ke bi da kanta. Su waɗannan sukan ƙirga da lissafin mara, sai ka ɗaga ƙafa za ka taka ka tarar bugun ya riga ya wuce. Fuska ta huɗu, "Out-Bloody-Rageous", ita ma ta Ratledge ce. Tana buɗewa da sautin da aka yi da zoben tef: a yanki tef da reza, a liƙe bakinsa biyu, ya riƙa zagayawa a cikin na'ura yana maimaita kansa, a ɗora wani a kan wani har su zama kamar yayyafi a kan rufi. Dabarar mawaƙin Amurka Terry Riley ce, wanda Daevid Allen ya san shi a Faris tun farkon shekarun 1960.

Na tsallake fuska ta uku da gangan, domin a kanta hujjata ta tsaya. "Moon in June" ta Wyatt ce, ita kaɗai ce mai murya a duk faifan. Ya fara haɗa ta tun yana Amurka a 1968, kuma kewar gida na cikin abin da take magana a kai. Muryarsa siririya ce, tana rawa, kamar mutum na yi wa kansa magana a ɗaki. Bai kwaikwayi harshen Amurkawa ba yadda mawaƙan rok na Ingila da yawa ke yi a lokacin, da Turancin unguwarsu ya rera abinsa. Kalmomin ma ba a daskare suke ba: da suka je yin ta a gidan rediyon BBC a 1969, sai ya sauya baitocin ya koma yana waƙe sitidiyon da suke ciki. Abokan aikinsa ba su so wannan waƙa ba. Saboda haka a kashin farko nata, wanda shi ne mafi tsawo, kusan shi kaɗai ya kaɗa komai, ganguna da ogan da fiyano da bes, yana ɗora ɗaya kan ɗaya a tef. Sai can gaba Ratledge da Hopper suka shigo, a ƙarshe kuma gogen Rab Spall ya rufe ta da wani kuka mai tayar da tsigar jiki.

To ga abin da nake so mu duba. In ka cire "Moon in June" daga Third, abin da zai rage faifai ne na gwanaye, mai tsafta, mai sanyi kamar ɗakin gwaje-gwaje. In kuma ka ɗauki "Moon in June" ita kaɗai, za ka ji mutum mai baiwa yana yawo ba mai riƙe masa linzami. Haɗuwarsu a riga ɗaya ita ce ta sa faifan ke numfashi. Bayan minti 37 na ƙarfe da lissafi, sai ga muryar ɗan Adam mai rauni, kuma saboda abin da ya gabace ta sai ta fi taɓa zuciya. Bayan ta wuce, zoben tef ɗin fuska ta huɗu sai ya zo maka kamar ruwan sanyi bayan kuka. Babu wanda ya zauna ya tsara hakan don ya burge mu. Rigima ce ta haifar da shi: kowa ya ƙi sakin nasa, sai aka raba fili.

Me ya biyo baya? Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Faifan da ya biyo, Fourth na 1971, babu murya ko ɗaya a cikinsa. A wannan shekarar Wyatt ya bar ƙungiyar da da shi aka kafa ta, kuma ya sha faɗa a hirarraki cewa rabuwar ta yi masa ciwo ƙwarai. Ya kafa tasa ya sa mata Matching Mole, wanda wasa ne da yadda ake faɗin Soft Machine da Faransanci, ka ga alamar zuciyarsa ba ta bar gidan ba. Su kuma waɗanda suka yi nasara ba su daɗe tare ba. Dean ya tafi a 1972, Hopper a 1973, Ratledge a 1976, har ƙungiyar ta wayi gari babu ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta. Ban ce faifan da suka biyo baya ba su da kyau ba. Bundles na 1975, wanda Allan Holdsworth ya kaɗa jita a ciki, aikin ƙwararru ne. Amma in aka ce a ambaci faifai ɗaya na Soft Machine, har gobe Third ake fara ambata. Shi ne ya kai lamba 18 a jerin faifan da aka fi saye a Birtaniya, kuma a watan Agustan 1970, wata biyu da fitowarsa, suka zama ƙungiyar rok ta farko da ta yi wasa a bikin kiɗan Proms na BBC a zauren Royal Albert, wurin da aka saba jin Beethoven da ire-irensa.

Na san akwai masu ja, kuma wasu hujjojinsu na da ƙarfi. Na farko za su ce ɗaukar sautin ba ta da kyau. Gaskiya ne. Gangunan Wyatt a wasu wurare kamar daga cikin kwali suke fitowa, kuma ko gyaran da aka yi wa faifan a 2007 bai share dusashewar gaba ɗaya ba. Duk ɗalibin da ke da kwamfuta da manhajar haɗa kiɗa a yau zai iya fitar da sautin da ya fi wannan tsabta. Sai dai tsabtar sauti daban, abin faɗa daban. Tuwo a tsohuwar akushi bai fasa zama tuwo ba.

Na biyu za su ce ai Turawa ne kawai ke kwaikwayon jaz ɗin baƙaƙen Amurka, gara mutum ya je tushe ya saurari Miles Davis. Wannan ma akwai ƙamshin gaskiya. Jaz kiɗan baƙar fatar Amurka ne, kuma 'yan Soft Machine ba su taɓa ɓoye cewa a kansa suka tashi ba. Ni ma zan ce ku saurari Bitches Brew na Miles, wanda shi ma faifai biyu ne, shi ma na 1970. Amma ku lura da kwanan wata: an ɗauki "Facelift" a Janairu, Bitches Brew kuwa sai ƙarshen Maris ya fito. Kuma ogan mai ƙarar zarto, da zoben tef, da siririyar muryar ɗan Kantabari, ba a Amurka suka samo haɗinsu ba. Aro suka yi suka juya shi ya zama nasu. Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne hannun 'yan Afirka a jaz ɗin Landan na lokacin. Makaɗan Blue Notes da suka baro Afirka ta Kudu saboda mulkin wariyar launin fata sun zauna a Landan tun tsakiyar shekarun 1960, kuma da su waɗannan samari suka yi cuɗanya. Louis Moholo ya kaɗa ganguna a ƙungiyar Elton Dean mai suna Ninesense, Mongezi Feza kuma ya yi busa a faifan Wyatt.

Na uku, wanda na fi ji a bakin tsararrakinmu: ya yi tsawo. A nan kam ba zan sassauta ba. Tsawon nan yana da dalili na fasaha, domin fuska ɗaya ta faifan garmaho mai inci 12 minti ashirin da 'yan kai take ɗauka, su kuma suka ce kowane kiɗa sai ya cika fuskarsa. A Legas ma Fela ya yi ta fitar da faifai mai waƙa ɗaya a kowace fuska, ba wanda ya ce ya yi yawa. Iyayenmu sun zauna gindin rediyo sun saurari Bakandamiyar Shata da waƙar Shago ta Ɗan Anace daga farko har ƙarshe ba su ƙosa ba. Ashe kunnenmu ya san doguwar tafiya, mu ne dai muka bari waya ta koya masa gajen haƙuri. Wanda zai iya zaman lakcar awa biyu a aji mai zafi ba fanka, minti 19 ba za su kashe shi ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa nake ganin faifan nan ya fi dacewa da mu 'yan foli fiye da kowa. Ku ɗauki ogan ɗin Ratledge. Ƙirar Lowrey ne, sautinsa bai da ƙarfin da zai yi gogayya da ganguna da jita. Sai ya haɗa shi da ɗan akwatin nan da masu jita ke takawa don dagula sauti, ya ƙure ƙara. Matsala ta ɓullo: da zarar ya ɗaga yatsa, sai lasifika ta kama ƙugi, irin wanda makirufo ke yi a ɗakin taro in an matso da shi kusa da sifika. Maimakon ya jefar da haɗin, sai ya koyi kiɗa ba tare da barin rata tsakanin sauti da sauti ba. Wannan dogon zaren sauti da ba ya yankewa shi ya zama tambarinsa, da ka ji ka san shi ne. 'Yan sashen lantarki, wannan ai aikinku ne: lahani a na'ura, aka zauna aka fahimce shi, aka mai da shi salo. Mu da kullum kukanmu kayan furaktikal sun tsufa, ya kamata mu ji yadda reza da tef da tsohon ogan suka yi aikin da ake saurare bayan shekara hamsin da ɗoriya. Wannan ba uzuri ba ne ga masu alhakin sayo mana kayan aiki, su sayo. Amma kafin su sayo, kai me ka yi da wanda ke hannunka?

Sai batun da ya fi damuna, wanda ya shafi zamanmu a ƙungiyance. Duk wanda ya taɓa shiga rukunin furojet ko ya ga yadda ake yi bayan zaɓen ƙungiyar ɗalibai ya san halinmu. Ɓangaren da ya yi rinjaye sai ya share kowa, wanda ya saɓa masa a taro ɗaya ya zama maƙiyi har a gama zango. Muna ɗaukar cewa in an kawar da mai gardama aiki zai tafi sumul. E, zai tafi sumul, kamar yadda Fourth ya tafi sumul. Tambayar ita ce me aka rasa a hanya. A Third, mutum uku ba sa son waƙar na huɗunsu, amma suka bar masa fuska guda cur, kashi ɗaya cikin huɗu na faifan, da sunan ƙungiya a kai. Ba zan mai da su waliyyai ba, tunda sun bar shi ya yi yawancin aikin shi kaɗai, rabin karamci ke nan. Shi ma Wyatt bai wanke kansa ba, ya sha magana a fili kan yadda giya ta yi masa illa a waɗannan shekaru. Kuma gardama kaɗai ba ta haifar da abin kirki, in ba haka ba da kowace tashar mota ta fitar da faifai. Sai da gwaninta, sai kuma an yarda mai saɓanin ya sami filinsa. Amma ko wannan rabin karamcin ya haifar da abin da rinjaye tsantsa ya kasa haifarwa. Harshe da haƙori ma suna saɓawa, ba a kuma taɓa cire harshe don baki ya zauna lafiya ba.

Labarin Wyatt bai ƙare a nan ba. A watan Yunin 1973 ya faɗo daga tagar bene a wani gida a Landan, ƙafafunsa suka shanye, ganguna irin na da suka gagare shi har abada. A watan Nuwamba na shekarar Pink Floyd suka yi wasa don tara masa kuɗi, kuma Soft Machine, ƙungiyar da ya bari cikin ɓacin rai, tana cikin waɗanda suka hau dandamali a ranar. A 1974 ya fitar da Rock Bottom daga kan keken guragu, Nick Mason na Pink Floyd ne ya kula da ɗaukarsa, kuma muryar nan da abokansa suka ga ba ta da gurbi ita ce ta riƙe shi shekara arba'in yana aiki. Dean ya rasu a 2006, Hopper a 2009. Abin da suka bari tare a 1970 yana nan.

Ga shawarata ga wanda zai gwada. Kada ka fara da fuska ta farko. Fara da "Slightly All the Time" da dare, bayan ka rufe littafi, ka kife wayar kada saƙo ya ɗauke maka hankali. Kashegari ka saurari "Moon in June". In waɗannan biyun sun zauna maka, sai ka koma ka bi faifan a jere yadda aka tsara shi, tun daga ƙarar zarton har yayyafin ƙarshe. Mai yiwuwa ka gama ka ce bai yi maka ba, kowa da kiwon da ya karɓe shi. In haka ta faru, ka rubuto wa mujallar nan ka faɗi dalilinka, ni kuma zan roƙi edita ya ba ka shafi guda cur, ko da ban yarda da kalma ɗaya a ciki ba.